Kifi Mai Zobe a Hanci

Ni 'yar masunci ce. A Ibi aka haife ni, a bakin kogin Binuwai, kuma tun ban san dama da hagu ba nake feɗe kifi ina taya mahaifiyarmu yin banda. Babanmu yana da jirgi, dogon kwale-kwale na maɗaci da ya sa wa inji a ƙarshen rayuwarsa. Da ya rasu sai jirgin ya koma hannun autanmu, don shi kaɗai ne namiji a cikinmu. A kan wannan jirgin ne ni da Auta muka daɗe muna sa-in-sa a waya. Shi yana so ya sayar ya biyo ni Amurka, ni kuwa na rantse ba zai sayar ba ina da rai.

A lokacin ina aikin kula da wani tsoho ɗan ƙasar Japan a McLeansville, gabas da Greensboro. Wai gari ne. Gidaje ne jefi-jefi a tsakanin gonaki da itatuwa, kowa da motarsa, ba bas, ba ko shagon da za ka taka ka sayo ashana. Ni ba ni da mota, ba ni da lasisi, ba ni da takardar zama. Taron majami'a na zo, aka tashi taro ban koma ba, biza ta ƙare a hannuna. In na fita ƙasar ba dawowa, shi ya sa ko jana'izar mahaifiyarmu ta waya na kalla, ina zaune a bakin gado da safar roba a hannu. Ran Lahadi kaɗai nake fita. Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata takan zo ta ɗauke ni mu je sujada, mu biya gidanta a Glenwood in ci tuwo, kafin rana ta faɗi ta maido ni.

Tsohon, wanda nake kira Baba, tun yana saurayi ya zo ƙasar, ya yi aikin injiniya har ya yi ritaya. Matarsa ta riga shi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi a keken guragu, ya kuma tsiyaye masa Turanci, sai ɗan abin da ya rage a gindin tukunya. Da safe yakan haɗa jimla biyu uku a hankali, da yamma kuwa sai yarensu zalla. 'Yarsa tilo tana zaune a Irving Park, unguwar masu kuɗi, kuma ba ta jin yaren in ba gaisuwa ba. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa. Ta sa kyamara a falo, ta sa wani abu a ƙofofi da ke yi mata ƙara a waya duk sa'ad da aka buɗe. Akwai ɗan kududdufi a bayan gidan, ta kafa doka kada keken babanta ya kusanci wurin. Sai ya wuni a bakin taga yana kallon ruwan, ni ina wuni ina kallonsa, duk abin duniya ya ishe mu.

Kifi ne ya fara haɗa mu hira. Na gaji da cin abincinsa marar gishiri, na roƙi 'yar'uwar nan ta sayo mini tarwaɗa. Ina cikin wanke ta da ruwan zafi don yauƙin ya fita, sai na ji ƙugin keke a bayana. Mutumin da sai na yi da gaske yake yarda in tura shi wurin cin abinci, ga shi ya turo kansa da hannu ɗaya har bakin kicin. Ya nuna gashin bakin kifin, ya ce, "Namazu."

Na ce, "Tarwaɗa."

Ya gwada, ya ce, "Taruwada." Na yi dariya har na dafa bango, rabona da irin wannan dariyar tun a gida. Ya ɓata fuska, ya sa ni in faɗi nasa sunan, na faɗa, shi ma ya yi mini dariyar ramuwa.

Daga ranar muka samu sana'a. Yana da ƙaramar kwamfuta ta hannu da 'yarsa ta saya masa, sai ya riƙa buɗo hotunan kifayen kogunansu yana kiran suna, ni ina ba shi namu. Koi da funa na ce masa dangi ne, masu ɓawo, ƙaya ta yi musu yawa, mu ba ma ɗaukarsu da daraja. Unagi dogo ne kamar maciji, na ce wannan ko kyauta ba na so. Na ba shi karfasa, na ba shi ragon ruwa, na kwaikwayi kukan ƙurungu in an ciro shi daga koma. Da na buɗe hannuwana biyu ina nuna masa girman giwan ruwa da Babanmu ya taɓa kamawa, sai ya kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da masunta ke yi wa juna a ko'ina cikin duniya. Na ce, "Baba, ƙarya nake ke nan?" Ya ce shi bai ce komai ba.

Akwai suna ɗaya da in zai faɗa sai ya gyara zama. Ayu. Ba irin ayun nan namu na Binuwai ba, ɗan kifi ne siriri, bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, a ruwa mai gudu a kan duwatsu yake zama. Ya ce shekara ɗaya tak yake yi a duniya, kuma in ka ciro shi daga ruwa ƙanshin kankana yake yi. Na ce, "Kifi da ƙanshin kankana? Baba, ka dai faɗa." Ya ji haushi sosai, ranar ƙin shan magani ya yi sai da na lallashe shi.

To, maganar Auta. Asalin fitinar wani hoto ne. Lokaci-lokaci 'yar Baba takan ɗauke mu zuwa gidanta a ci abincin rana, ni ina gefe ina goge masa baki. Wata Lahadi daga sujada aka wuce da ni can, ina sanye da atamfa da ɗaurin kai, sai ta ce na yi kyau, in tsaya a ƙofa ta ɗauke ni. Ƙofar tana da dogayen ginshiƙai farare, ga mota baƙa a gefe tana sheƙi. Lokacin mahaifiyarmu tana kwance, kullum kukanta ko ina cin abinci, ko ina da wurin kwana. Na tura mata hoton don hankalinta ya kwanta, kuma ya kwanta. Amma hoton bai tsaya a hannunta ba. An wanke shi an manna a falo, duk wanda ya shigo gidanmu sai an nuna masa gidan Yaya.

Na faɗa wa Auta da bakina cewa ba gidana ba ne, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yakan ce, "To, Yaya, na ji." A muryarsa kuwa ka san bai ji ba. Da na ga magana ba ta shiga, sai na kira shi ta bidiyo na zagaya da shi ɗakin da nake kwana, wani ɗan lungu ne kusa da injin wanki. Ya ce, "Har injin wanki a ɗakinki?" Na leƙa da wayar ta taga na nuna masa titi fayau, ba mutum ba dabba, na ce ya ga inda nake wuni. Ya ce, "Kwalta har ƙofar gida." Na nuna masa bokitin da nake zubar da ƙazantar tsoho, sai ya tambaya ko da gaske ne ba a ɗauke wuta. Raina ya ɓaci, na zage shi tas, na ce masa sakarai. Duk abin da na ɗaga don in tsorata shi, sai ya ƙara masa kwaɗayi.

Kuma ba sakarai ba ne, in faɗi gaskiya. Mutum ne mai mata da 'ya'ya uku, ya san ruwa fiye da yadda ya san cikin ɗakinsa. Yakan ce kifi ya yi ƙaranci, mai ya yi tsada, sai ya kwana a ruwa ya dawo da abin da bai cika kwano ba. Wani ajan, dillalin fitar da mutane waje, ya yi masa alkawarin biza in ya kawo abin da jirgi da inji da taru za su kawo. Ni kuwa na san in jirgin nan ya tafi, ba abin da zai koma ya tarar, kuma na san irin ɗakin da ke jiransa a nan.

Wata safiya Baba ya tashi da ƙarfinsa, ya kira ni in zo in ga yadda ake kama ayu. A bidiyon da ya buɗo, wani mutum ne tsaye a cikin kogi ruwa ya kai masa ƙugu, riƙe da sandar fatsa doguwa wadda ta fi gorar tuƙa jirgi. Ya ciro ɗan kifi mai rai daga wani akwati da ke ɗaure a ƙugunsa yana yawo a ruwa, ya zura masa ɗan zobe a hanci, ya sake shi da zaren fatsa.

Na ce, "Af, wannan ai mun sani. Ƙaramin kifi ake sa wa ƙugiya, babba ya zo ya haɗiye."

Baba ya buga hannun kekensa. Ya ce a'a, a'a. Ayu ba ya cin kifi, gansakukar jikin dutse yake ci. Na ce to in ba zai ci ba me zai kawo shi, kada a raina mini hankali, ni ma a cikin jirgi na girma. Muka yi ta musu, shi da guntun Turancinsa ni da nawa, har ya sa na ɗauko masa wani dogon kwali daga gareji. Sandarsa ce a ciki, gaɓa-gaɓa, da wasu ƙugiyoyi ƙanana masu baki uku, da zobban nan da ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Hannunsa ba ya iya ɗauri, sai ni na ɗaura yana nuna mini. Da ya ga ƙullina ya jinjina kai, ya ce wa ya koya mini, na ce Babanmu.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya yi mini bayani da cokali biyu a kan tebur. Kowane ayu yana da dutsensa da yake kiwo a kai, kuma ba ya yarda wani ya raɓi wurin. Shi kifin da aka sa wa zobe, sunansa otori. Ba a soka masa ƙugiya a baki, a bayansa take ja, tana bin wutsiyarsa. Masunci yana lallaɓa shi da zare har ya kai shi dutsen wani. Mai dutse yana ganin ɗan'uwansa yana iyo lafiya lau a wurin, sai ya taso ya bangaje shi, ƙugiyar ta kama shi a gadon baya. Sunan wannan kamun tomozuri, wato fatsa da aboki. Ya ce duk gwanintar tana wurin sassauta zare, don dole otori ya yi iyo kamar ba a ɗaure yake ba, in ya nuna alamar ɗauri ba wanda zai zo.

Na tambaye shi, in an kamo sabon fa? Ya ce ai shi ne daɗin abin. Nan take za a cire zoben daga hancin tsohon a sa wa sabon, don sabo ya fi ƙarfin iyo, ya fi jawo wasu. Wanda ya gaji a jefa shi a akwatin nan na ƙugu. Na ce, da yamma sai a sake shi, tun da ya yi aiki? Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce duka ake tsirewa a gasa da gishiri.

Ban yi dariya ba. Na tattara ƙugiyoyin na mayar cikin kwali, na shiga lungun injin wanki na zauna. Na gane kaina sarai a kifin nan, kuma na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da bizata ta ƙare. Amma kuma sai na ji wani ɗan sanyi, na ce yau na samu bakin da zan yi wa Auta magana. Ya ƙi jin ta mutane, to zai ji ta kifi.

Na kira shi yana bakin ruwa yana ɗinkin taru. Ban yi faɗa ba, ban yi zagi ba. Na ba shi labarin tun daga dutse har zuwa gishiri, a hankali, yadda Babanmu ke ba da labarin ruwa. Tunda muke da Auta bai taɓa saurarona haka ba, ko tari bai yi ba. Da na gama na jira in ji abin da zai ce.

Ya ce, "Yaya, zoben nan na ƙarfe ne ko na roba?"

Na ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Kuma ƙugiyar, tazarar yatsa nawa ce daga wutsiya? Don kin san karfasa ma tana tsare raminta in ta yi ƙwai. Ina ga zai yi."

Wallahi da yana kusa da sai na kwaɗa masa wayar. Na ce, "Auta, ni ce kifin. Ni ce mai zoben, kai ne wawan da ke shirin bangaza." Ya yi 'yar dariya, ya ce ai ya gane, shi dai dabarar ce ta burge shi. Bayan kwanaki ya kira ni yana ba ni rahoto. Ya lanƙwasa waya ya yi zobe, ya gwada da karfasa a wani gurbi da ya sani, ya wuni bai kama ko ɗaya ba. Ya ce, "Kin gani ko, Yaya? Har dabarar Japan ba ta ci a ruwan nan. Ruwan ya mutu." Na yi kuka a wayar, na haɗa shi da kabarin Babanmu, na ce ko bayan raina ban yafe ba. Ya ce in yi haƙuri, kuma in daina kuka kada tsohon ya ji.

Ba a daɗe ba matarsa ta turo mini hoto ba tare da ko kalma ɗaya ba. Bakin ruwan gidanmu ne, ga turken da Babanmu ya kafa da hannunsa, ga guntun igiya a jiki, ba jirgi. Na daɗe ina kallo. Baba ya miƙo hannu, na ba shi wayar, ya kalli turken ya kalle ni. Ban yi masa bayani ba kuma bai tambaya ba, ranar dai bai buɗe mana kifi ko ɗaya ba.

Auta ya iso da kaka, lokacin da ganye ke zuba. Ni ban iya zuwa tarbarsa ba, mijin 'yar'uwar nan ne ya ɗauko shi. Aka sama masa katifa a ƙasa a wani gida a Glenwood, su da yawa a ɗaki ɗaya, aka kuma sama masa wankin tukwane a bayan wani gidan abinci. Ran Lahadin farko da na gan shi a majami'a mun rungume juna mun yi kuka, ban ce masa na faɗa maka ba, ko da yake maganar tana bakina. Kafin wata ya zagayo wuyansa ya yi tsawo. Hannuwan da suka saba da igiya da filafili duk sun yi fari sun tsattsage da ruwan sabulu. Ya tambaye ni sau ɗaya ko akwai kogi kusa, na ce akwai tafkuna, amma sai da mota, kuma sai da lasisin kamun kifi. Bai sake tambaya ba.

'Yar Baba ta ji cewa ƙanena ya zo, ta ce ko zai so ya share mata ganye ran Lahadi in mun je cin abinci. Aka biya aka ɗauko shi. Ya wuni yana shara yana cusawa a manyan buhuna, ya jera su a gefen matakala. Ni ina baranda da Baba, na rufa masa bargo a gwiwa. Na ce wa Auta ya zo ya gaishe shi, ya durƙusa har ƙasa, na ce wa Baba wannan ne mai jirgin. Baba ya kama hannunsa ya juya tafin yana dubawa, ya ce, "Namazu." Auta ya kalle ni, na ce tarwaɗa yake nufi. Ya yi murmushi ya ce, "Tarwaɗa, Baba."

Da ya gama sai ya zagaya bayan gareji da 'yar jakarsa. Ya fito ya wanke fuska, ya sa farar shadda mai aiki a wuya, wadda na san ta bikin Kirsimeti ce. Ya miƙo mini wayarsa bai kalli idona ba.

Ya ce, "Yaya, ɗauke ni a nan."

Na ce, "Wa za ka tura wa?"

Ya ce, "Maman yara. Kullum kuka take, wai na rame a murya. Yaran ma suna tambaya ina nake kwana." Ya gyara wuyan rigarsa. "Ƙanenta ma yana ta damuna in turo."

Na san ƙanen nata. Yana da injin niƙa a bakin kasuwa, da shi yake ciyar da uwarsu. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda Auta ya tsaya a tsakanin ginshiƙan nan, ya ɓoye tsagaggun hannuwansa a baya, yana ƙoƙarin haɗa murmushi. Daidai wurin da na tsaya ne. Na tuna muryar mahaifiyarmu ranar da ta ga nawa hoton, yadda ta ce yau za ta yi barci. Baba yana kallonmu daga kekensa.

Na ɗaga wayar. Na ce masa ya matsa dama kaɗan, buhunan ganyen suna fitowa.